Cika ko Mara: Yadda Ake Ƙirga Ganyen Dalea a Filayen Kansas

[Hoto: filin ciyawa a tuddan Flint Hills, iska tana kaɗawa]

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya na saka hoton wani farin fure a Facebook, na rubuta a ƙasansa cewa Dalea purpurea ne. Kafin in sha shayi, sharhi ya yi ta zuba. Masu manhajar gane tsirrai a waya suka ce Dalea candida ce. Wani bawan Allah ma har ya tuna mini cewa purpurea na nufin shunayya, wannan kuwa fari ne fat, ya ba ni shawarar in je a duba mini ido. Na gode da kulawa. Ga ni na dawo gindin tsiron da kyamara.

[Hoto daga sama, sannan a sauko kan furanni]

A gurguje tukuna. Nan jihar Kansas ce, tsakiyar Amurka. Irin wannan fili na doguwar ciyawa, abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 na yadda yake a da ba, garma ta cinye sauran. Na nan ya tsira ne saboda dutse ya yi yawa a ƙarƙashin ƙasar. Tsirran Dalea dangin wake da gyaɗa ne, saiwarsu tana da irin ƙulle-ƙullen nan masu ƙara wa ƙasa taki. An raɗa musu sunan Samuel Dale, wani likita masanin tsirrai ɗan Ingila da ya rasu a 1739. Idan kun ci karo da sunan Petalostemum a tsofaffin littattafai, su ne dai, tsohon suna ne.

[Kusa da kan fure]

Kalli kan nan, kamar 'yar ƙaramar zangarniyar gero. Furen yana fara buɗewa daga ƙasa, ya yi zobe, zoben ya riƙa hawa sama kullum. Daga Yuni zuwa Agusta ake ganin wannan ado. Purpurea shunayya, candida fara, haka yake a yawancin lokaci. Sai dai jefi-jefi purpurea takan fito da farin fure, kamar yadda akan samu zabiya a cikin mutane. Ban da haka, furen 'yan makonni yake yi ya kaɗe. Ganye kuwa yana nan tun bazara har kaka. Shi ya sa masana suke cewa a ƙirga ganye.

To, a nan ne ake faɗuwa. Mutane da yawa sun ƙirga, sun turo mini. Wani ya samu 12, wani 15, wata ta ce ta kai 20 ta gaji. Duk a kan tsiro guda.

[Hannu riƙe da ganyen gyaɗa da na wake]

Na taho da waɗannan daga ɗan lambuna. Duk wanda ya taɓa roron harawa ya san su. Wannan na gyaɗa ne. Ganye nawa kuke gani? Za ku ce huɗu. A wurin masana tsirrai ganye ɗaya ne, mai 'ya'ya huɗu a kan tsinke guda. Na wake ɗaya ne mai 'ya'ya uku. Abin da ake so ku ƙirga a Dalea shi ne 'ya'yan da ke kan tsinke guda, daga inda tsinken ya bar kara zuwa ƙarshensa.

[Kusa sosai da karan purpurea, farce yana nuni]

Yanzu ku lura da kyau, zan tafi a hankali. Ga kara. Ga inda tsinken ganye ya manne da shi. A gindin akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa biyu masu tsini kamar gashin baki, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba a ƙirga su, amma su ne alamar cewa nan ganye ya fara. Sai ku dubi lungun da ke tsakanin tsinken da karan, ni hammata nake ce masa. Kun ga wannan cunkoson? Wasu ƙananan ganyaye ne suka tsiro a hammatar, suka yi tuntu. Purpurea ta shahara da wannan. Wanda ya samu 15, ganye uku ko huɗu ya haɗe wuri guda ya ƙirga.

Abin yi shi ne ka sa babban yatsa ka danne tuntun nan. Ka ja babban ganyen gefe, ka kwantar da shi a tafin hannu ko kan farar takarda. Kuma ka zaɓi na tsakiyar kara. Na can sama kusa da fure ƙanana ne, sau da yawa 'ya'yansu ba su kai na sauran ba.

Mu ƙirga tare. Biyu. Huɗu. Ga guda a kan tsini. Biyar.

Wannan na kan tsinin shi ne mai gadinku. Kun tuna wasan cika ko mara? Ganyen tsamiya cika ne, biyu-biyu har ƙarshe. Na Dalea mara ne, saboda ɗayan nan da ke tsaye shi kaɗai. Idan lissafinka ya ba ka 6 ko 8, ko dai ɗaya ya faɗi, ko ƙwaro ya ci, ko ka ɗebo na hammata. Sake wani ganyen. Ni ina ƙirga uku a kowane tsiro kafin in buɗe baki.

[Ganye biyu a jere kan takarda, da rula]

Purpurea yawanci 3 ko 5 ne, wani lokaci 7. Candida 5 zuwa 9. E, na sani, sun haɗu a 5 da 7, kada ku jefe ni. A nan faɗi ke raba gardama. Na hagu, wato na purpurea, siriri ne kamar tsinken tsintsiya, milimita 1 zuwa 2, gefensa ya naɗe ciki. Na dama, wato na candida, ya ninka shi biyu ko uku, a shimfiɗe yake, korensa ya fi haske. In ka juya bayansu, duka biyun suna da ɗige-ɗige. Murza ɗaya ka shinshina. Ni ƙamshin ɓawon lemo nake ji, abokin tafiyata ya ce shi ciyawa kawai yake ji, to hanci ma iri-iri ne.

In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, koma kan zangarniyar, wurin da fure bai buɗe ba tukuna. Ta purpurea toka-toka ce, gashi ya lulluɓe ta kamar auduga mai datti. Ta candida koriya ce, da 'yan tsinaye suna leƙowa.

[Hotuna a tsaye, biyu kacal]

Akwai wasu irin Dalea biyu da ban same su a wannan tafiya ba, sai hoto. Dalea villosa 'yar yashi ce, 'ya'yan ganyenta 11 zuwa 21, duk jikinta gashi mai laushi, daga nesa ma za ka ga ta yi fari-fari. Dalea foliosa kuwa tana kai 20 da wani abu, ba gashi, kuma tun 1991 gwamnatin Amurka ta sa ta cikin tsirran da ke dab da ƙarewa. A 'yan wurare masu dutse a Illinois da Tennessee da Alabama ake samunta. Wannan in Allah ya haɗa ka da ita, ka ƙirga da ido, ka bar hannunka a aljihu.

[Komawa ga farin furen na farko]

To, ga mai laifin. Fari ne, ban musa ba. Na danne hammata. Biyu, huɗu, biyar. Na gaba, uku. Na gaba, biyar. Sirara, gefe a naɗe. Kan zangarniyar kuma toka-toka, gashi cunkus. Malam mai shawarar asibiti, matso da wayarka kusa ka ƙirga da kanka, zan riƙe ganyen a haka na ɗan lokaci.