Kada a aro bakinmu a danne yarinya

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu malamai, 'yan uwana mata da muke zaman ci-rani tare a nan Yamai, barkanmu da war haka.

Watan jiya baƙo ya sauka a gidana a Bukoki, ya taso tun daga gida Najeriya da ƙullin goro da takarda a aljihu. 'Yar ƙanwata ya biyo, yarinya 'yar shekara 19 da aka kawo mini bayan wani maƙwabcinsu ya yi mata fyaɗe. Kotu ta ba ta umarnin kariya: kada mutumin ya kusance ta, kada ya kira ta, kada ya aiko kowa. Shi kuwa kawun nata so yake ta dangwala yatsa a takardar neman janye umarnin, wai manya sun zauna, a rufa asiri. Tana tsugune bakin murhu tana jin sa, ludayin da ke hannunta yana karkarwa har miya na ɗiga a ƙasa. Ba wanda ya tambaye ta ra'ayinta. Ni ya tambaya, ya ce, "Hajiya, ki sa baki."

Ban sa ba, kuma abin da ya tsayar da ni gabanku ke nan, don gobe wani daga cikinku za a kira.

Dokar Najeriya ta hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ake ce wa VAPP, a Abuja ta fara aiki, daga baya jihohi da dama suka ɗauke ta, Kaduna tun 2018. Dokar ba ta hana a janye umarnin kariya ko a sauya shi ba. Wadda ta nema da wanda aka yi ƙara duk suna iya komawa gaban alƙali, a sanar da ɗaya ɓangaren a rubuce. Amma idan ita ce ta ce a janye, sai alƙali ya gamsu cewa da son ranta ta zo, ba tilas. To, ina son rai ga yarinyar da aka ce mata uwarki za ta bar gidan aure idan kin ƙi?

Kuma ku lura, sauyawa daban, janyewa daban. Idan wani sharaɗi ne ya takura mata, misali hanyar makarantarta ta canza, sharaɗin za a gyara, kariyar tana nan. Mutanenmu kan tsallake wannan su tafi kai tsaye ga "a yafe". Yafiya tsakaninta ne da Ubangijinta. Tana iya yafewa, ya ci gaba da zama nesa da ita.

A nan Nijar ma fyaɗe babban laifi ne, ɗaurin shekara 10 zuwa 20, kuma janye ƙara ba ya ɗaure hannun mai gabatar da ƙara na gwamnati. Wadda ba ta da kuɗin lauya akwai ANAJJ, hukumar gwamnati mai ba da taimakon shari'a, akwai ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar.

Roƙona, ranka ya daɗe, a rubuta a kundin ƙungiya yau: ba dattijon da zai raka mai irin wannan takarda da sunanmu. A kuma zaɓi mata biyu da yarinya za ta iya gani ita kaɗai, ba kawu, ba baffa a ɗakin. Ni na ba da sunana, saura mutum ɗaya.