Canjin sabar domen: suna da adireshi su zo daga ƙarshe

Assalamu alaikum 'yan uwa. A ofisoshi da yawa nan Kumasi, daga Adum zuwa Asawase, za ka tarar da saba ɗaya tak tana riƙe da komai: sunayen ma'aikata, kalmomin sirri, DNS mai fassara suna zuwa adireshi, DHCP mai raba wa kwamfutoci adireshi, har da fayilolin akanta. Ita ce mai kula da domen, wato rukunin kwamfutoci da asusun ofis da ke ƙarƙashin kulawa ɗaya, kuma ita muke ce wa DC. Idan Windows Server 2012 R2 ce a kanta, Microsoft ta daina tallafa mata tun 10 ga Oktoba 2023. To an sayo sabuwa. Tambayar da ake fara yi ita ce, a ba ta sunan tsohuwar da adireshinta, kowa ya huta?

Ana iya yi, amma ba a ranar farko ba. Active Directory, rumbun bayanan domen, ba da suna kaɗai take gane DC ba, akwai lambar shaida da asusun kwamfuta da bayanan Kerberos, tsarin tantance masu shiga, a ƙarƙashin sunan. Ka kashe tsohuwar ka shigo da wata da sunanta, ka taka asusun tsohuwar ke nan, kuma babu inda sabuwar za ta kwafi bayanai.

Fara da duba lafiyar tsohuwar, mu kira ta DC01. Ga umarnin a allo: dcdiag, sai repadmin /replsummary, sai netdom query fsmo. Sannan dfsrmig /getglobalstate. Wannan na ƙarshen shi ke kayar da mutane. Domen ɗin da aka kafa tun zamanin 2003 yakan kasance yana kwafin SYSVOL, babban fayil ɗin da duk DC ke rabawa, da tsohon tsarin FRS, kuma Server 2019 da na bayanta ba sa yarda su zama DC a irin wannan domen. Sai ka kai shi sabon tsarin, DFSR, mataki uku, 1, 2, 3, kana jiran kowane ya kammala. Na ukun ba a komowa daga gare shi. Idan Server 2025 ce ka sayo, tana bukatar domen ya kai matakin aiki na 2016, don haka daga 2012 R2 sai an bi ta wata saba a tsakani.

Ɗauki ajiyar System State a faifan da ba ya cikin sabar. Kuma a duba batirin UPS kafin a taɓa komai. Dumsor, ɗaukewar wutar Gana, ba ya sallama.

Yanzu sabuwar. Ba ta suna na daban, DC02, kada ya wuce haruffa 15, da adireshin IP tsayayye. DNS ɗinta ya nuna DC01. Shigar da ita domen, ɗaga ta zuwa DC, ka bar alamar DNS da Global Catalog. Bayan ta sake tashi rubuta net share. In ba ka ga SYSVOL da NETLOGON ba, tsaya nan, kwafin bai gama ba, kuma duk abin da ka gina a kai zai rushe.

Sai a mayar wa DC02 muƙamai biyar na FSMO, ayyukan da DC ɗaya kaɗai ke riƙe kowannensu a lokaci guda. Umarni ɗaya na PowerShell ya isa, Move-ADDirectoryServerOperationMasterRole, da lambobi 0 zuwa 4. Wadda ta karɓi muƙamin PDC ita ce agogon domen gaba ɗaya, saboda haka saita mata majiyar lokaci ta waje da w32tm. Ga wani kuskure da ake yawan yi a nan Gana: Windows ta sauka da yankin lokacin yammacin Amurka, mai aiki ya ga agogo ba daidai ba, ya gyara awa da hannu maimakon ya mayar da yankin zuwa GMT. A allo lokaci ya yi daidai, a ciki kuwa ya kauce da awa bakwai ko takwas. Kerberos minti 5 kawai yake lamunta. Safiyar Litinin babu mai iya shiga.

DHCP kuma Export-DhcpServer a DC01, Import-DhcpServer a DC02, a ba ta izini a Active Directory, a gyara zaɓi na 006, wato adireshin DNS, ya nuna sabuwar.

Kafin ka sauke DC01 daga matsayin DC, kashe ta kwana biyu ko uku na aiki ka saurari wanda zai yi kuka. Firintar da ke aika sikan zuwa babban fayil, na'urar dangwala yatsa ta bakin ƙofa, manhajar akanta, duk waɗanda aka rubuta musu tsohon suna ko tsohon adireshi da hannu za su fito. Kunna ta, ka sauke ta da Uninstall-ADDSDomainController. Share ragowarta a Sites and Services da cikin yankin _msdcs na DNS. Idan ta riga ta mutu ba a sauke ta ba, sai a ƙwace muƙaman, a share bayananta da ntdsutil, kuma kada a sake jona ta da waya har abada.

Yanzu ne adireshin ya zama naka. Ba DC02 tsohon IP ɗin, ka yi ipconfig /registerdns, ka sake tayar da Netlogon. Wannan kaɗai yakan warware mafi yawan kukan. Sunan kuma, shawararmu kada ka canza, ka ƙara shi a matsayin laƙabi: netdom computername DC02 /add, sai cikakken tsohon sunan. Ya fi CNAME tsura, wato laƙabi a DNS kaɗai, domin yana rubuta sunan a wajen Kerberos ma. In dole sai ya zama sunan asali, bi da /makeprimary, sake tayarwa, sannan /remove. Idan sabar tana ɗauke da hukumar ba da takardun shaida ta AD CS, ba a canza mata suna sam.

Sunan domen kansa wani dutse ne daban. Mai ofis ya gaji da kamfani.local, yana son sunan da ya ƙare da .com.gh. Akwai umarnin canza sunan domen, rendom: /list, ka gyara Domainlist.xml, /upload, /prepare, /execute, duk DC su sake tashi, sai gpfixup, sannan kowace kwamfuta a ofis ta sake tashi sau biyu tana haɗe da domen. Laftof ɗin ma'aikacin da ya tafi Tamale a makon, aka yi /clean bai dawo ba, sai an fitar da shi daga domen an sake shigarwa da hannu. In akwai sabar imel ta Exchange 2007 ko ta bayanta a gidan, Microsoft ba ta goyon bayan canjin kwata-kwata.

Galibi abin da mai ofis ke so shi ne ma'aikata su shiga da adireshin imel ɗinsu. Wannan aikin minti goma ne. Buɗe Active Directory Domains and Trusts, danna dama a saman, ƙara sabon ƙarshen UPN, wato abin da ke bayan @ a sunan shiga, sai ka sauya shi a asusun ma'aikata. Gwada da asusu ɗaya tukuna, ka fita ka sake shiga, kafin ka taɓa na sauran.