Dacia Logan a Nürburgring: ina kuɗin magoya baya ke tafiya a tseren awa 24?

Akwai wata ƙaramar mota da ke tsere a tsakiyar Porsche da Ferrari da BMW, Dacia Logan ce. Kamfanin Dacia na ƙasar Romaniya, wanda ke ƙarƙashin Renault, ya fara fitar da ita a 2004 a matsayin motar masu ƙaramin ƙarfi, ta kai yara makaranta da zuwa cefane. Wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta a Jamus, Ollis Garage Racing, ita ta ɗauki irin wannan mota ta shiga da ita tseren awa 24 na Nürburgring. Ba kamfanin ne ya turo ta ba, babu kuma wanda ke tsammanin ta zo ta ɗaya. Amma duk lokacin da ta gifta, ihun da ke tashi a bakin daji ya kan fi na motar da ke kan gaba.

Sai an san filin kafin a gane dalili. Nürburgring yana cikin tsaunukan Eifel a yammacin Jamus, an buɗe shi a 1927. Tseren awa 24 kuwa an fara shi a 1970. Zagaye ɗaya ya ɗan haura kilomita 25, domin ana haɗa sabon filin da tsohuwar hanyar arewa, Nordschleife, mai kilomita 20.8. Tsakanin wuri mafi tudu da mafi kwari akwai kusan mita 300. Ana iya tafka ruwa a wani sashe, wani sashen kuma rana na ƙwallewa. Motoci sama da 100 ke tashi, rukuni-rukuni, manya da ƙanana duk a hanya ɗaya. 'Yan kallo sun fi 200,000, da yawansu tun farkon mako suke kafa tantuna a wurare irin su Brünnchen da Hatzenbach da Pflanzgarten, su gina rumfunan katako, su hura wuta su yi ta gashi.

Mutumin da ya kwana a tanti cikin sanyin Eifel, motar da ta yi kama da tasa ta fi shiga ransa. Haka aka yi da tsohuwar Opel Manta mai jelar yanyawa a kan eriya, wadda ta shekara da shekaru tana wannan tsere bayan an daina ƙera Manta tun 1988. Logan ta gaji wannan farin jini.

Manyan motocin rukunin GT3 suna gama zagaye cikin minti takwas da 'yan kai. Logan ta farko, da injinta mai lita biyu, tana bayansu da fiye da minti uku a kowane zagaye. Ke nan kusan duk zagaye huɗu na babbar mota sai ta sake cim mata, kuma manyan sun kai gommai. Direban ƙaramar mota rabin hankalinsa na kan madubi, dare da rana. A miƙaƙƙiyar hanyar Döttinger Höhe, GT3 na wuce kilomita 270 a awa, ita kuwa ko 200 ba ta kaiwa.

A tseren watan Mayun 2023, cikin dare, wata Porsche 911 GT3 R ta daki Logan, ta jefa ta jikin shingen ƙarfe. Direban ya tsira da ransa, motar kuwa ta tashi daga aiki.

A nan ne bambancin ƙungiyar kamfani da mai zaman kanta ke fitowa fili. Inshorar mota ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar tsere. Akwai inshora ta musamman, amma tana da tsada, kuma kaso na farko na asarar yana kan mai mota. Sannan duk mai shiga tsere ya sa hannu cewa ba zai bi abokin karawarsa bashin ɓarna ba. Ko kai aka buga, gyara naka ne. Kamfani zai buɗe sito ya ɗauko wani bodin. Mai ƙaramin gareji kuwa, dukiyarsa ce gaba ɗaya aka kwaso a bayan motar janwe.

Magoya baya suka yi karo-karo ta intanet, aka samo wata Logan, aka gina ta daga tushe, a 2024 aka sake ganin ta a Nürburgring. Daga baya ma aka sa mata injin turbo na Renault Mégane RS. Ƙarin gudun nan ba na neman kofi ba ne kawai, rage tazara tsakaninta da manyan motoci rage haɗari ne.

To, me kuɗin ke saye? Bodin Logan ta hannu shi ne mafi araha a lissafin. Za a tuɓe ta tas, a cire kujeru, kafet, rufin ciki, har ƙwaltar da ke hana ƙara a ƙasan bodi sai an kankare. Sannan a yi waldar kejin ƙarfe a ciki, kuma ba kowane mai walda ke yin sa ba, sai wanda zai ba da takardar shaidar da masu binciken motoci za su karɓa. Kujerar tsere da bel ɗinta suna da wa'adi a rubuce a jikinsu, galibi shekara biyar. Haka tankin mai na musamman da ba ya fashewa. Na'urar kashe gobara duk shekara biyu ake kai ta a duba. Ko motar ba ta motsa daga gareji ba, kwanan watan nan na tafiya, ranar bincike kuma ba a jin magiya.

Waɗannan sau ɗaya ake saye a daɗe ana mora. Masu cin kuɗi kullum su ne taya, mai, takalmin birki da faifansa, boris ɗin ƙafa, shaf da kuloci. Motar da ke jan gaba, kamar Logan, tayoyin gaba ne ke ja, su ke juyawa, su ke ɗaukar mafi yawan birki, don haka su ke fara cinyewa. Dole kuma a tanadi tayar ruwa ko da hasashen yanayi ya ce garau. Akwai wata kwana mai suna Karussell, an shimfiɗe ta da falankin kankare masu gargada. Duk zagaye sai ta jijjiga shokozoba da shaf, ta sassauta duk wani noti da aka yi wa ɗaurin ganganci. Abin da ya fi yawan tsayar da ƙananan motoci ba babban abu ba ne: wayar lantarki ce ta goge ta tsinke, ko tiyon lagireto ya sulluɓe, ko boris ya yi zafi ya kama. Idan hakan ta faru a can ƙuryar daji, kilomita goma daga gareji, awa guda ko biyu ta tafi kafin makanikai su taɓa motar.

Ga kuɗin shiga tsere, ga na mai da ake saye a filin. Ga direbobi, waɗanda ba za su wuce huɗu a mota ɗaya ba, kowanne ba zai tuƙa fiye da awa uku a jere ba, sai ya huta aƙalla awa biyu. Kowannensu sai da izinin tuƙi na musamman na Nordschleife daga hukumar DMSB mai kula da tseren motoci a Jamus, wanda ake samu ta kwas da kuma shiga gajerun tsere na gasar NLS, wadda ake yi a wannan fili. A ƙananan ƙungiyoyi, yawanci direba ne ke biyan kuɗin kujerarsa, kuma wannan kuɗin shi ne ƙashin bayan kasafin.

Tallafin magoya baya kala-kala ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Gudummawar kuɗi kai tsaye ita ta fi kai wa ga mota, ban da ɗan kason da shafin tara kuɗin ke cirewa. Riga da hula kuwa, sai an cire kuɗin ɗinki, bugu, aikawa da haraji, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Amfaninsu na wani wajen: mai kamfani da ya ga mutum ɗari sanye da rigar ƙungiya ya fi saurin yarda ya sa sunansa a ƙofar mota. Haka ma kallon bidiyo da yaɗa shi, domin alƙaluman nan ake kai wa masu ɗaukar nauyi. Wasu ƙungiyoyin na sayar da gurbin rubuta suna a jikin mota, wanda kusan duk riba ne, tunda sitika ba ta da tsada. Sai wanda ba a cika gani a kyamara ba: makaniken da ya ɗauki hutu daga wurin aikinsa ya zo ya kwana yana canja taya kyauta, da mai dafa wa mutum ashirin abinci. A ganinmu, hannu irin wannan ya fi riga hamsin.

Inda abin ke lalacewa shi ne lokaci. Kuɗi na kwarara ne a makon da aka yi hatsari, lokacin da hoton motar a murƙushe ke yawo a Facebook da Instagram. Bayan wata shida, sa'ad da ake buƙatar taya da kuɗin shiga tseren share fage, zuciya ta riga ta huce. Ƙungiyar da ta zuba duk abin da ta tara a ginin mota sai ta wayi gari da sabuwar mota, babu na fita da ita.

Girman buri ma na kashe shiri. A 2014, David Brabham, wanda ya ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 2009, ya buɗe asusun jama'a domin dawo da sunan gidansu cikin tsere, da niyyar shiga gasar juriya ta duniya a rukunin LMP2 na motocin da ake ƙerawa don tsere kawai. An tara sama da fam 250,000, kuɗi mai kauri. Sai dai kakar wasa ɗaya a wannan rukuni miliyoyi take ci, motar kuma ba ta hau layin tashi ba. Karo-karo na iya gina Logan domin lissafinta bai fi ƙarfin aljihun talakawa ba.

Don haka kafin ku tura ko sisi, ku duba ko ƙungiyar ta faɗi takamaiman abin da za a saya, keji ne ko injin ko kuɗin shiga, da nawa ake nema. Ku tambaya me za a yi da kuɗin idan ba a kai adadin ba, ko idan an wuce shi. Ku tabbata mahaɗin da za ku bi daga shafin ƙungiyar na gaskiya ya fito, domin bayan babban hatsari 'yan damfara ma kan buɗe nasu asusun da hoton motar. Idan kuma kuna da halin bayarwa sau biyu, ku raba, ku ajiye rabi sai farkon shekara, kafin a buɗe kakar NLS a wajajen Maris, lokacin da ake biyan kuɗin taya da rajista.