Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa UPDATE Jan Ƙafa a Babban Tebur?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku na fannin kwamfuta, daga nan Legas.

Wasiƙar farko daga Agege ta fito. Mai ita ya ce teburinsu a MySQL, manhajar ajiye bayanai, yana da layi miliyan 30, kuma in ya ba da UPDATE don gyara bayanin mutum guda ta lambar wayarsa, sai an yi mintuna, abokan aikinsa kuma saƙon "Lock wait timeout" ke fito musu.

To Malam, sa EXPLAIN a gaban umarnin, zai nuna maka yadda injin zai nemo layin. Muddin ka ga ALL a ƙarƙashin type, injin yana bin teburin ne layi-layi. Ko dai babu fihirisa, wato index mai saurin nemo layi, a kan ginshiƙin da ke cikin sharaɗin WHERE, ko kuma, wanda muka fi zargi, lambar wayar a matsayin rubutu aka ajiye ta saboda sifilin farko, kai kuma ka rubuta ta ba alamar zance. Nan take MySQL zai riƙa mayar da rubutun da ke kowane layi lamba kafin ya gwada, fihirisar ta tashi a banza. InnoDB kuwa, injin ajiyar MySQL, a saitinsa na asali, duk layin da ya leƙa sai ya kulle shi, shi ya sa abokan aikinka ke jiran daƙiƙa 50 sannan a kore su. Sa alamar zance, ka sake gwadawa.

Sai Hajiya daga Idi-Araba, mai amfani da PostgreSQL, wata manhajar ajiye bayanai. Ta so canza ginshiƙi ɗaya a layi miliyan 50 da umarni guda. Abu ya kwana bai gama ba, faifan ajiya kuma ya kusa cika.

Hajiya, PostgreSQL ba ya gyara layi a inda yake. Sabon kwafi yake rubutawa, tsohon ya zama matacce har sai umarnin shara na VACUUM ya share shi, kuma ba zai iya sharewa ba alhali umarninki bai kammala ba. Teburin kenan zai kusa ninkuwa. In kuma sabar ta mutu a tsakiya, aikin daren ya tafi duka.

Ki yi shi kamar sauke tirelar albasa a kasuwar Mile 12, buhu-buhu. Ɗauki layi 5,000 zuwa 10,000 ta lambar id, daga kaza zuwa kaza, ki yi COMMIT don gyaran ya tabbata, ki ɗan dakata, ki rubuta inda kika tsaya. Kada ki yi amfani da OFFSET wajen tsallake layukan da kika gama, domin kowane zagaye sai ya sake ƙirga abin da ya wuce. Ki ƙara IS DISTINCT FROM a sharaɗin, don a tsallake layukan da tuni suke daidai. In ba haka ba, su ma sai an sake rubuta su. Sannan kada ki zuba wa autovacuum, wato VACUUM mai tashi da kansa, ido: a saitin asali sai matattun layuka sun kai kashi 20 cikin 100 yake tashi, wato miliyan 10 a teburinki. Ki riƙa kiran VACUUM da kanki tsakanin zagaye.

Fihirisa ma nauyi ce a nan, don sabon kwafi yakan buƙaci sabon shigarwa a kowacce. Wadda ba a amfani da ita, cire ta. Teburin da ake yawan gyarawa kuma, rage masa fillfactor, wato kason da ake cikawa a kowane shafi, daga 100 zuwa 90, sabon kwafi ya samu gurbi a shafinsa. In ya samu gurbin, kuma ginshiƙin da aka canza ba ya cikin wata fihirisa, ba za a taɓa fihirisar ba sam.

Hattara da EXPLAIN ANALYZE, yana aiwatar da gyaran da gaske. Fara da BEGIN, ki rufe da ROLLBACK don a soke gyaran.

Wani ɗan'uwa daga Obalende na tambaya ko ƙara RAM zai magance matsalar. Yakan rage karatu daga faifai, amma ba ya sakin layin da wani ya kulle. Duba EXPLAIN tukuna kafin ka kama hanyar kasuwar Computer Village.