Falmaran ta Ruwa: Yadda Mai Gudun Duwatsu Zai Zaɓi Wadda Ta Zauna a Jikinsa

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Bala, wanda ya daɗe yana gudu a duwatsun Shere da ke kusa da Jos, da kuma Likita, wanda aikinsa ne duba 'yan wasa idan sun ji rauni ko sun galabaita. Za mu tattauna ne a kan rigar nan marar hannu da masu gudun daji da duwatsu suke ɗaurawa a ƙirji domin ɗaukar ruwa, wadda mu a nan muke kira falmaran ta ruwa. Malam, kafin mu kai ga batun zaɓe, me zai hana mutum ya riƙe gorarsa a hannu kawai ya kama hanya?

Malam Bala: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Babu abin da zai hana shi idan gudun bai wuce na awa ɗaya ba. Akwai ma manyan 'yan tsere a gasar Western States ta jihar Kalifoniya a Amurka, mai nisan mil 100, da suka fi son riƙe gora a hannu, domin wuraren ba da ruwa a can ba su yi wa juna nisa sosai ba. Amma wanda zai hau dutse yana buƙatar hannayensa, ko don ya dafa ƙasa idan tsakuwa ta kwashe shi, ko don ya riƙe sanduna. A gudun fanfalaki na kan kwalta ana ajiye teburin ruwa kusan bayan kowace kilomita 5, a daji kuwa mutum yana iya yin awa biyu ko uku bai ga rijiya ko shago ba. Dabarar ɗaukar ruwa a jiki ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tun da fatake da salka suke ƙetare hamada. A ƙarshen shekarun 1980 ne wani ma'aikacin agajin gaggawa mai suna Michael Eidson ya shiga tseren keke na mil 100 a Wichita Falls ta jihar Texas cikin tsananin zafi, sai ya cika ledar ƙarin ruwa ta asibiti, ya zura ta a cikin safa, ya sa a bayan rigarsa, ya zagayo da siririn tiyon ta kan kafaɗarsa. Daga nan kamfanin CamelBak, mai yin jakunkunan ruwa na goyawa a baya, ya samo asali. Sai dai abin da ya zauna lafiya a bayan mai keke ba ya zama lafiya a bayan mai gudu, wanda jikinsa yake yin sama da ƙasa a kowane taku, shi ya sa daga baya aka koma ɗinka abin kamar riga mai kama jiki, aka raba nauyin tsakanin ƙirji da baya.

Hadiza: To idan mutum ya shiga shago, ko ya buɗe shafin sayayya a intanet, me ya kamata ya fara dubawa? Yawancinmu sunan kamfani muke fara nema, Salomon ne ko Nathan ko Ultimate Direction.

Malam Bala: Ni a wurina sunan kamfani shi ne na ƙarshe. Abu na farko shi ne yadda falmaran ɗin ta zauna a jikin mutum, kuma a lokacin da take cike, ba lokacin da babu komai a cikinta ba. Wadda na fara saya na gwada ta ne a shago babu ko ɗigon ruwa a ciki, na ji ta sakayau, na biya na tafi. Ranar da na fita da ita da lita ɗaya na ruwa a ƙirji da waya da abinci a aljihu, kafin in cika kilomita 20 ta ƙuje mini fatar gefen wuya da ta ƙashin kafaɗa har jini ya fito, domin ta yi mini yawa, a kowane taku sai ta ɗaga ta dawo ta gogi wuri ɗaya. Idan gumi ya shiga irin wannan ciwo, mutum ba ya iya tunanin komai sai shi. Saboda haka nake cewa a je wurin tela a auna kewayen ƙirji da tef, a kwatanta da jadawalin awon kamfanin da za a saya, domin abin da wani kamfani ya kira matsakaici, a wurin wani ƙarami ne. Idan aka samu damar gwadawa, a cika gorunan da ruwa, a sa nauyi a aljihun baya, a ɗaure igiyoyin ƙirji, a yi tsalle a wuri ɗaya, a sunkuya, sannan a ja dogon numfashi. Wadda ta dace ba za ta yi rawa ba, kuma ba za ta hana haƙarƙari buɗewa ba.

Likita: Wannan na numfashi yana da muhimmanci ƙwarai, Malam. Mutane sukan ɗaure igiyoyin tamau don su hana falmaran mai yawa yin motsi, sai su takura ƙirjinsu a daidai lokacin da suke hawan gangare, lokacin da huhu ya fi buƙatar wuri. Igiyoyi masu talewa sun fi dacewa saboda suna bin numfashi. Kuma a tuna cewa yayin da ruwan yake raguwa falmaran ɗin tana saki, don haka ana so ya zama mutum zai iya ƙara matse ta da hannu ɗaya yana cikin tafiya.

Hadiza: Zan ƙara wani abu da ya shafi mata, domin na sha jin ƙorafinsa. Yawancin waɗannan riguna an fara ɗinka su ne da awon jikin namiji, gorunan biyu suna zaune a sama, daidai kan ƙirji, abin da yake takura mace kuma yake ƙara girgiza. Yanzu wasu kamfanoni suna ɗinka na mata, inda ake saukar da gorunan ƙasa kusa da haƙarƙari, a sa musu dogon tsinken zuƙa wanda zai kai baki. Ba kowace mace ce take buƙatar wannan ba, amma duk wadda za ta gwada, ta gwada da irin tufafin da take gudu da su, musamman mai sa riga mai dogon hannu da hijabin wasanni, domin yadi a kan yadi yana iya tattarewa ya zama shi ne mai gogar fatar. Malam, akwai kuma lambobin nan da ake rubutawa, lita 5, lita 12. Ni da farko na ɗauka yawan ruwan da take ci ke nan.

Malam Bala: Mutane da yawa haka suke ɗauka, kuma ba haka ba ne. Lambar tana nufin girman dukan aljihunan idan aka haɗa su, wato wurin ruwa da abinci da riga da sauran kaya. Ruwan da kansa yawanci gora biyu ne masu laushi na mililita 500 a gaba, lita ɗaya ke nan, sannan idan akwai aljihun baya ana iya sa salkar roba mai cin lita ɗaya da rabi ko biyu. Wanda yake fita na awa biyu zuwa huɗu a yanayi mai kyau, mai lita 5 ta ishe shi. Mai lita 12 ta wanda zai wuni ne, ko zai shiga gasar da take da kayan dole. Dubi gasar UTMB da ake yi a ƙarshen watan Agusta daga garin Chamonix na Faransa, wadda aka fara a 2003. Ana zagaye dutsen Mont Blanc ta cikin Faransa da Italiya da Switzerland, nisan kusan kilomita 170, hawan da za a yi idan aka tara shi ya kai kusan mita 10,000. Dokar gasar ta wajabta wa kowa ya ɗauki aƙalla lita ɗaya na ruwa, da rigar ruwa mai hula, da tocila biyu da baturan ajiya, da bargon gaggawa, da usur, da kofin shan ruwa, da waya, da abincin ajiya, kuma ana bincikar mutum a hanya. Wannan kaya ba zai shiga ƙaramar falmaran cikin sauƙi ba. Amma wanda ya sayi babba don gudun safiya na awa ɗaya da rabi, zai ga aljihunan baya a sake suna lilo, kuma yadin da ya rufe masa baya zai ƙara masa zafi a banza.

Hadiza: Likita, ta yaya mutum zai san yawan ruwan da yake buƙata, tun da daga nan ne zai san girman da zai saya?

Likita: Hanya mafi sauƙi ita ce sikeli. Mutum ya auna nauyinsa kafin ya fita, ya yi gudun awa ɗaya a irin yanayin da ya saba, ya dawo ya goge gumi ya sake aunawa, sannan ya ƙara yawan abin da ya sha a hanya. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ne na gumi. Wani zai tarar rabin lita yake zubarwa a awa, wani kuma ya kusa lita biyu, kuma mutum ɗaya ma adadinsa a bazara daban ne da na hunturu. Hunturu yana da yaudara, domin iska mai bushewa tana shanye gumin nan take, mutum ya ga rigarsa a bushe ya zaci bai rasa komai ba. Sai ya duba hanyar da zai bi, ya lissafa awa nawa ne tsakanin wurin ruwa da na gaba. Ba lallai ne ya mayar da duk abin da ya zubar yana cikin gudu ba, kuma kada ya manta cewa kowace lita ɗaya kilo ɗaya ce a kafaɗarsa.

Malam Bala: Akwai masu cewa gara ya yi yawa da ya gaza.

Likita: A ɗauka, na yarda, musamman a wurin da babu wanda zai kawo ɗauki. A sha kuwa ban yarda ba, kuma ina so masu sauraro su ji wannan da kyau. Idan mutum ya yi ta ɗura wa cikinsa ruwa fiye da abin da jikinsa yake fitarwa, gishirin sodiyam da ke cikin jininsa yana tsarkewa ya yi ƙasa, sai ciwon kai da amai da ruɗewa su biyo baya, idan abin ya yi tsanani ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma ana mutuwa da shi. A wani bincike da aka yi a kan 'yan gudun fanfalaki na Boston na 2002, an auna jinin mutum 488 bayan sun gama, aka samu kashi 13 cikin ɗari sodiyam ɗinsu ya sauka ƙasa da ƙima. Masanin nan na Afirka ta Kudu, Tim Noakes, ya daɗe yana jan hankali cewa a riƙa sha daidai da ƙishirwa. Wannan ne ya sa na fi son gorunan gaba a kan salkar baya, domin mutum yana ganin abin da ya sha da idonsa. Mai salka a baya bai san ko saura rabi ba ne ko ya kusa ƙarewa, sai ya ji tiyon ya fara jan iska.

Malam Bala: Kuma cika su ya fi sauƙi. Gora za ka zare ta ka cika ka mayar ba tare da ka cire falmaran ba, salka kuwa sai ka tuɓe, ka fitar da kayan da ke kanta, ka cika, ka sake shiryawa. Da gora biyu za ka iya sa ruwa zalla a ɗaya, ruwan gishiri da sukari a ɗayar. Amma ba zan yi wa salka rashin adalci ba. Ranar da zan yi doguwar hanya ni kaɗai a lokacin zafi, lita ɗaya ba ta isa ta, dole in haɗa su biyun, don haka ina ba da shawarar a sayi falmaran mai wurin salka ko da ba za a yi amfani da shi kullum ba. Idan an cika salkar, a juya ta kanta ƙasa a zuƙe iskar da ta rage ta cikin tiyo, ruwan zai daina girgiza yana ƙara a baya. Bayan kowace kurɓa kuma a hura ruwan da ya rage a tiyon ya koma ciki, in ba haka ba rana za ta dafa shi, kurɓar gaba ta zo da ɗumi.

Hadiza: Ni abin da nake ƙara dubawa shi ne aljihunan gaba da na gefe. Idan sai na tsaya na cire riga kafin in ɗauki dabino ko waya, to na san ba zan ci a kan lokaci ba. Ina so a samu aljihu ɗaya mai zif don maɓalli da kuɗi, sauran kuma a buɗe, waɗanda hannu zai kai ba tare da an murɗa kafaɗa ba. Malam, da yawa daga cikin masu sauraronmu a gwanjo za su samu irin wannan kaya, tun da sabuwa tana da tsada. Me za su lura da shi?

Malam Bala: Su ja igiyoyin ƙirji su gani ko suna komawa yadda suke, domin idan robar ciki ta mutu, falmaran ɗin ba za ta ƙara kama jiki ba. Su shafa ɗinkin wuya da na hammata da yatsa, duk inda suka ji kaushi, nan ne zai ci fata. Su duba aljihunan gora ko sun saki, saboda gora mai laushi tana zamewa ƙasa idan ruwan ya ragu, dole a samu ɗan madaukin da yake riƙe wuyanta. Kuma su sani cewa ba kowace gora ce take shiga kowane aljihu ba, wasu dogaye ne sirara, wasu gajeru masu faɗi, don haka a tafi da falmaran ɗin wurin sayen gora.

Likita: Falmaran ta gwanjo ba laifi idan an wanke ta, amma gora da salka da tiyo a sayi sababbi, domin funfuna tana ɓuya a cikin tiyo da bakin zuƙa inda ido ba ya gani. Ko sababbin ma, duk ranar da aka sa musu abin sha mai sukari a wanke su a ranar da ruwan ɗumi da sabulu, a cire bakin zuƙar a wanke shi daban, a rataye su a buɗe har cikinsu ya bushe sarai. Wanda yake da firiza mai samun wuta yana iya ajiye su a ciki bayan wankewa, sanyin yana hana funfuna tsirowa. Wanda ba shi da ita, ya sa tsinken tsintsiya mai tsabta ko cokalin katako a cikin salkar don kada ɓangarorinta biyu su manne da juna kafin ta bushe.

Hadiza: Mun gode, Malam Bala, mun gode, Likita. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.