Haƙƙin ma'aikaci a dokar Najeriya: daga takarda ake farawa

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan uwana, zan fara da tambaya. A cikinku masu aiki a masana'anta, gidan mai, makarantar kuɗi ko kamfanin gadi, mutum nawa ne ke da takardar ɗaukar aiki a gida? Ku ɗaga hannu. To, kun ga hannayen ba su da yawa, kuma a kan wannan nake son mu tsaya yau.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya tsohuwa ce, tun shekarun 1970 take, amma har yanzu da ita ake aiki. Sashe na 7 ya wajabta wa wanda ya ɗauke ka aiki ya ba ka takarda kafin ka wuce wata uku, a rubuta sunansa da naka, irin aikin, albashi, lokutan aiki, hutu, da yadda za a rabu. Shi doka ta ɗora wa wannan nauyi. Amma mu da kunya, sai a ce "Alhaji mutumin kirki ne, me zai sa in nemi takarda?" Alhaji yana iya rasuwa, magada su karɓi kamfani, ko manaja ya canza. Ranar da mai gadi ya shekara bakwai a bakin ƙofa aka ce masa kada ya dawo gobe, tambayar farko da lauya zai yi masa ita ce yaushe ya fara aiki, kuma me zai nuna.

Ranar fara aikin nan da ita ake lissafin notis. Sashe na 11 ya ce wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya. Daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya. Shekara biyu zuwa biyar, mako biyu. Biyar zuwa sama, wata guda. Ko a ba ka lokacin, ko a biya ka kuɗinsa. Kai ma idan za ka ajiye aiki haka za ka yi, kada ka karɓi albashi ka ɓace.

Sai batun yankan albashi, wanda ya fi ci mini rai. Yarinya tana sayar da mai tun asuba, ƙarshen wata a miƙa mata ambulan, ta ƙirga ta ga rabi. An ce ta makara sau biyu, an ci ta tara, kuɗin ciniki kuma bai cika ba. Sashe na 5 ya hana cin tarar ma'aikaci. Ko asara ya jawo ta hanyar sakaci, sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a taɓa albashinsa. Albashin kansa bai halatta a wuce wata guda ba a biya ba.

Hutu kuwa, gaskiya dokar ta yi rowa. Kwana 6 na aiki ne kacal bayan shekara guda, sai kwana 12 na jinya a shekara idan likita ya ba da shaida, da hutun kwana ɗaya a kowane mako. Mai juna biyu tana da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, a biya ta aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin, kuma ba a korarta saboda wannan hutun. A ganina kwana 6 ya yi kaɗan matuƙa. Abin da doka ta faɗa shi ne mafi ƙaranci, don haka duk abin da kuka daidaita a kai wanda ya fi wannan, ku tabbata ya shiga takarda.

Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, daga 30,000 na 2019. Sai dai wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, dokar ba ta hau kansa ba, kuma a irin waɗannan ƙananan wurare talakawanmu da yawa suke. Fansho kuma, dokar 2014 ta ce mai kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Ku riƙa duba asusunku, don akwai masu cire naku kason su riƙe.

Wanda inji ya cinye masa yatsa, ko ya faɗo daga saman gini, dokar diyya ta 2010 ta tanadar masa haƙƙi ta hannun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wadda kamfani ke biya kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa. Ba a cire wannan daga aljihunka. Amma ka sanar da wurin aikinka cikin kwana 14, a rubuce, ka riƙe kwafi.

Wani ya turo tambaya cewa idan an ƙi ba shi takardar fa? Ka fara da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharka, ko ƙungiyarku idan kuna da ita. In abin ya gagara, sai Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin irin waɗannan shari'o'i. Kafin nan ka adana katin shaidar aikinka, da saƙon banki na kowane albashi, da duk saƙon WhatsApp da manaja ya turo maka kan aiki, domin alƙali yana iya karɓarsu a matsayin hujja.