Amsoshin Tambayoyinku: Motar da Ta Ƙi Fita Daga Giyar Taimako

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan birnin Katsina. Wani bawan Allah daga Mani ya tambaya ko ruwan rijiya zai yi a lagireto. Zai yi idan larura ta kama ka a hanya, amma idan ka mai da shi al'ada tsatsa za ta cinye maka injin.

Wasiƙar da za mu daɗe a kanta ta fito daga wani manomi a Sandamu, kuma irinta ta zo daga Baure da Mashi. Ya ce ya sa wa Hilux ɗinsa giyar taimako, wadda ke sa tayoyi huɗu su ja tare, domin ya fito da gero ta cikin yashi, sai ya hau kwalta har Daura bai cire ba. Yanzu liba ta ƙi komawa 2H, wato giyar yau da kullum da tayoyin baya kaɗai ke ja, sitiyari ya yi nauyi, tayoyi suna kuka a kwana. Alhaji, ka ƙirga buhuna tsaf, amma ka manta da giya! Maigida, kai ne mai gareji, me ya faru?

Bakanike: To, mu lokacin da muka koyi aiki, ba a ba yaro mota sai ya san amfanin kowace liba, amma yanzu kowa direba ne. Ka dubi shanun huɗa idan sun kai ƙarshen kunya za su juya, na waje ya fi na ciki yawan taku. Haka tayoyin gaba suke fin na baya tafiya a kwana, alhali giyar taimako ta ɗaure su su juya daidai wa daida. A yashi taya tana ɗan zamewa, sai nauyin ya sauka. Kwalta kuwa ba ta yarda, sai ƙarfen ya yi ta murɗewa kamar igiyar guga, har haƙoran giya su cije juna.

Mai gabatarwa: Maigida, lokaci yana gudu. Mene ne magani?

Bakanike: Ya sauka gefen hanya inda akwai ƙasa, ya miƙe sitiyari, ya yi ribas a hankali kamar taku goma, ya ɗaga ƙafa daga totur, sannan ya tura liba da hannu ɗaya. Idan a 4L take, wato giyar taimako mai ƙarfi ta tafiya a hankali, dole motar ta tsaya cak, a taka kuloci, mai otomatik kuma a sa ta a N. Idan ta ƙi, a sa waigi a tayoyin baya, a ɗaga tayar gaba ɗaya da jak, amma kowa ya janye hannunsa, domin tana rabuwa da ƙasa za ta iya fizgewa ta juya da kanta.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda wanda bai ji ba: a sauka daga kwalta, a miƙe sitiyari, a yi ribas a hankali, a saki totur, sannan a taɓa liba. Ni kuma ina roƙon masu zura bututun ƙarfe a liba suna dannawa da ƙarfin tuwo su bari, domin gyaran minti 5 suke mayarwa sauke akwatin giya.

Bakanike: Kuma tayoyin gwanjo da ake haɗawa, wannan babba wannan ƙarama, ko iska ba daidai ba, suna jawo wannan cijewar ko a miƙaƙƙiyar hanya. Tsofaffin motoci suna da abin murɗawa a cibiyar tayar gaba, a mayar da shi FREE daga LOCK. Sababbi masu maɓalli kuwa, idan fitilar giyar taimako da ke gaban direba tana ta ƙiftawa, a fara duba fiyus da wayoyi kafin a zargi ƙaramin injin lantarkin da ke sauya giyar, wanda ruwa kan shiga idan an ratsa rafi da damina. Wani lokacin ma giyar ta fita, fitilar ce ke ƙarya.

Mai gabatarwa: Hajiya daga Ƙofar Ƙaura kuma tana tambaya ko rashin amfani da giyar yana ɓata ta. Ƙwarai, Hajiya, a riƙa sa ta sau ɗaya a wata a hanyar ƙasa domin mai ya zagaya. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.